Tarihin Renon Bakwaini

Ɗan Adam wata tara ya ke yi a cikin uwarsa, watau mako 40 bisa lissafin likitoci. Wanda ya faɗo duniya tun bai cika mako 37 ba, ba a lissafa shi cikin waɗanda suka isa haihuwa. Hausawa sun daɗe da sanin irin wannan jariri, har sun sa masa suna bakwaini, watau ɗan wata bakwai. Ba kuwa abu ne mai wuyar gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi bakwaini wajen miliyan 13 da dubu 400, watau cikin kowane jarirai 10 akwai ɗaya.

Abubuwan da ke kashe bakwaini da dama ne. Akwai wahalar numfashi, akwai kuma cututtuka masu yaɗuwa. Amma waɗanda aka fara neman dabararsu biyu ne, sanyi da yunwa. Fatarsa siririya ce, babu kitse a ƙarƙashinta, saboda haka ɗumin jikinsa zurarewa ya ke yi kamar ruwa a kwando, ko da kuwa manya suna jin zafi a ɗakin. Batun abinci ya fi wannan wuya. Kafin jariri ya sha mama sai ya iya haɗa aiki uku a lokaci guda, tsotso da haɗiya da numfashi, wannan gwaninta kuwa ba ta zuwa sai wajen mako na 32 zuwa na 34. Wanda aka haifa kafin nan, in an sa masa mama a baki ya kan ɗan tsotsa sau biyu ko uku ya gaji ya yi barci, ko kuwa ya ƙware. Nono kuma halin rijiya gare shi: in ana ɗiba ya yi ta kawowa, in an bari ya ƙafe. Wadda ta taɓa goyo ta san wannan. Mai haihuwar fari ba ta sani ba. Ga naƙuda ta zo mata ba shiri, ga ɗa kamar ɗan tsako wanda ta ke tsoron ko ɗauka, ta matsa mama ta ga ɗigo biyu na dakashi kurum, sai ta yanke a ranta ita ba ta da nono. Daga nan sai a shiga ɗura wa yaro abin da cikinsa ba zai iya ɗauka ba.

Shekaru aru aru ba abin da a ke yi wa bakwaini sai a naɗe shi da auduga ko ulu, a ajiye shi kusa da wuta, a zuba ido. Sauyi ya faro ne daga ƙasar Faransa. A shekarar 1870 Faransa ta kara da Jamusawa, aka ci ta da yaƙi. Da ƙura ta lafa manyan ƙasa suka duba suka ga haihuwa tana raguwa a ƙasarsu, Jamusawa kuwa sai daɗuwa su ke yi. Tsoro ya kama su kada nan gaba a rasa masu ɗaukar bindiga. Tun daga nan ran jariri ya yi daraja a idon hukuma. Ba abin alfahari ba ne a ce tsoron yaƙi ne ya tuna wa mutane da jarirai, amma haka abin ya kasance.

A birnin Paris akwai wani babban asibitin haihuwa da a ke kira Maternité, inda matan talakawa ke zuwa sauka. Da yawansu 'yam mata ne 'yan aikatau da suka baro ƙauyukansu, ba uwa kusa, ba inna. Babban likitan wurin shi ne Stéphane Tarnier. A shekarar 1878 ya shiga gidan dabbobi na birnin, ya ga wani akwati da a ke ɗumamawa da ruwan zafi, yana ƙyanƙyashe ƙwai ba tare da kaza ta yi kwanci ba. Ya nemi mutumin da ya ƙera shi, Odile Martin, ya ce ya yi masa irinsa wanda zai ɗauki ɗan mutum. A 1880 aka fara aiki da shi. Akwati ne na katako mai bango biyu, ruwan zafi a ƙasa, jarirai a sama. Daga baya aka sauƙaƙa shi, aka yi na jariri ɗaya ɗaya mai murfin gilashi, ana jera kwalaben ruwan zafi a ƙarƙashi ana sauya su in sun huce. Jikan wannan akwati ne Hausawa ke kira kwalba, in sun ce an sa yaro a kwalba. Kafin zuwansa, jariran da nauyinsu bai kai kilo 2 ba, 66 cikin 100 mutuwa su ke yi a wannan asibiti. Bayan zuwansa adadin ya komo 38. A 1884 kuma Tarnier ya shiga ciyar da waɗanda ba su iya tsotso ta wata siririyar roba, wadda a kan zura ta maƙogwaro har cikin tumbi, a tsiyaya nono a ciki kaɗan kaɗan.

Ga alama an gama da sanyi, an gama da yunwa. Ashe da sauran rina a kaba. A 1893 shugabar ungozomomin asibitin, Madam Henry, ta buɗe wani sashe musamman domin raunanan jarirai, ana kawo su daga ko'ina cikin birni. A 1895 sashen ya komo hannun Pierre Budin, almajirin Tarnier. Budin mutum ne mai son awo. Kullum sai an auna zafin jikin kowane yaro, a kuma ɗora shi a sikeli kafin ya sha mama da bayan ya sha, don a san abin da ya shiga cikinsa. An ɗauki mata masu shayarwa aiki, suna kwana a wurin da 'ya'yansu. Wanda ya iya tsotso a ba shi mama, wanda bai iya ba a tatsa masa a baki, ko a ba shi da ɗan cokali, ko ta roba.

Awon nan ne ya nuna masa abin da akwati ba ya iyawa. Da fari ya ga yaran da a ke kawowa daga waje sun riga sun sandare a hanya, mafi yawansu kuwa ba su tashi. Abu na biyu ya fi ba shi mamaki. Uwa ta kawo ɗanta ta ajiye ta koma gida. Makon fari tana zuwa dubiya, mako na biyu ta ɗan ja baya, kafin wata ya cika an daina ganinta. Nononta ya ƙafe tun tuni, tun da ba mai sha. Waɗansu suka ƙi zuwa karɓar 'ya'yansu sam. Waɗanda suka karɓa kuwa ba su da abin ba su sai madarar shanu a kwalba marar tsabta, da zafi ya shigo gudawa ta kwashe yaran da aka sha wahalar rayawa.

Mai saurin hukunci zai ce waɗannan mata marasa imani ne. Budin bai ɗauka haka ba. Yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba, aka ɗauke mata ɗa tun ba ta gama ganin fuskarsa ba, ba ta ɗauke shi ba, ba ta shayar da shi ba, kowa kuma yana gaya mata da wuya ya rayu, me ya rage da zai ɗaure zuciyarta gare shi? Sai ya sake tsari. Ya ce a riƙa karɓar uwa tare da ɗanta. Ya sa aka riƙa ajiye akwati mai gilashi kusa da gadonta, tana kwance tana ganinsa, ita ce kuma za ta riƙa taimakawa wajen hidimarsa. Ya kuma fito da wata dabara mai ban sha'awa: tun da bakwaini ba shi da ƙarfin jawo nono, sai a ba uwarsa wani ƙosasshen jariri ya riƙa tsotso don nonon ya kawo, har ranar da nata zai iya. Bayan an sallame su kuma su riƙa komowa awo. Tun 1892 ya fara wannan al'ada ta awon jarirai, wadda yau ta game duniya. Ya tattara iliminsa a littafin da ya buga a 1900, aka juya shi da Ingilishi a 1907, shekarar da ya rasu.

Da duniya ta ɗauki karatun Budin dukansa, da an huta. Sai ta ɗauki akwatin ta bar uwar. Wanda ya fi kowa yaɗa akwatin wani mutum ne da a ke kira Martin Couney. Shi ba a asibiti ya yi aikinsa ba, a wuraren baje koli da dandalin wasanni ya yi. Ya nuna jarirai cikin kwalba a Landan a 1897, sa'an nan ya ƙetara Amurka, ya kafa rumfarsa a Coney Island, wurin shaƙatawar mutanen New York, daga 1903 har 1943. Mai son kallo ya biya santi 25, watau rubu'in dala, ya shiga ya ga bakwaini jere cikin gilashi. Iyayen yara ba su biyan ko anini. Yana kiran kansa likita, ko da ya ke masu bincike ba su sami shaidar ya yi karatun likita ba. Duk da haka ba a raina aikinsa, gama a zamanin yawancin asibitocin Amurka ba su da wurin bakwaini. Rumfarsa tsaf ta ke, nonon mutum kaɗai ya ke ba yara, yana kuma tsananta wa masu shayarwa kan abin da za su ci. Bisa faɗarsa, cikin yara wajen 8,000 da suka ratsa hannunsa 6,500 sun rayu. Amma uwa ba ta da aiki a rumfar Couney. Iyakarta ta zo ta tsaya ta yi kallo kamar kowa. Shi ma ya gamu da abin da Budin ya gani, wani lokaci sai da lallashi iyaye ke karɓar 'ya'yansu.

Asibitocin da suka buɗe sassan bakwaini daga baya, kamar na likita Julius Hess a Chicago a 1922, sun fi Couney ilimi nesa, amma kan batun uwa hanyarsa suka bi. Suna da hujja. A lokacin ba a sami magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba, mura ɗaya ta isa ta share ɗaki guda. Saboda haka aka hana kowa shiga sai ma'aikatan jinya, su ma aka ce su rage taɓa yara. Uwa ta haihu, a gudu da ɗan, ita kuma a sallame ta bayan 'yan kwanaki ta tafi gida hannu rabbana. In ta zo dubiya ta leƙa ta taga. Wata sai ɗanta ya yi wata biyu kafin ta fara ɗaukarsa, a miƙa mata shi ran sallama kamar baƙo, a ce ta je ta yi reno.

Sa'an nan aka shiga shekarun da likitoci da kansu ke tunawa da baƙin ciki. Daga wajen 1940 aka riƙa cika kwalba da iskar oksijin ba awo, har yara wajen 10,000 suka makance kafin a tabbatar da dalili, bayan wata likita a Ostareliya, Kate Campbell, ta nuna shi da yatsa a 1951. A kan abinci ma an yi kuskure iri biyu. Na ɗaya, don tsoron kada yaro ya ƙware, sai aka ɗauki al'adar hana bakwaini kome, ko ruwa, har kwana biyu ko uku, wani lokaci fiye. Yunwar nan ta kan sa sukarin jininsa ya faɗi, shawara ta yi masa yawa, ƙwaƙwalwa ta taɓu. A nan Bature da Bahaushe sun yi canjaras, gama a gidaje da yawa na ƙasar Hausa an saba tatse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne, a riƙa ba jariri ruwa ko nonon akuya har farin nono ya zo. Alhali dakashi shi ne rigakafin farko, cike ya ke da abubuwan da ke tsare hanjin yaro daga cuta, ƙanƙantarsa kuma daidai ta ke da ƙanƙantar cikin mai shansa. Kuskure na biyu, a 1947 waɗansu likitocin Amurka suka nuna bakwaini ya fi saurin ƙiba da madarar da aka haɗa daga nonon shanu. Gaskiya ne ya fi saurin ƙiba, sai dai sikeli ba ya faɗin kome da kome. Asibitoci da yawa suka yi watsi da nonon uwa suka kama madarar gwangwani.

Gyara ya zo sannu sannu. A 1964 waɗansu likitoci mata biyu a Oxford ta Ingila, Victoria Smallpeice da Pamela Davies, suka nuna amfanin fara ba bakwaini nonon mutum tsantsa tun a sa'o'in farko. A 1970 likitocin jami'ar Stanford a Amurka suka ba da labarin sun bar iyaye mata sun shiga ɗakin kwalba sun taɓa 'ya'yansu, cuta kuwa ba ta ƙaru ba. A 1990 aka buga sakamakon wani bincike a Ingila kan bakwaini 926, game da wata muguwar cuta mai ruɓar da hanjin jarirai. Aka tarar waɗanda aka ba madarar gwangwani zalla sun fi waɗanda aka ba nonon mutum zalla kamuwa da ita ninki 6 zuwa 10. An kuma gane nonon wadda ta haifi bakwaini ya bambanta da na sauran mata, a makonnin farko ya fi yawan abin gina jiki, kamar an auna shi domin wannan yaro.

Amma babban juyi ba daga ƙasashen masu arziki ya fito ba. A Bogota, babban birnin Kolombiya a Amurka ta Kudu, akwai wani asibitin haihuwa na talakawa wanda ya cika ya batse. Kwalabe ba su isa ba, har a kan haɗa yara biyu ko uku a kwalba ɗaya, cutar ɗaya ta zama ta duka. Iyaye kuma suna gudu suna barin 'ya'ya, kamar dai a Paris shekaru 80 da suka wuce. A 1978 likitan yara Edgar Rey Sanabria ya ce tun da babu kwalba, a mai da yaro jikin uwarsa. Abokin aikinsa Héctor Martínez ya ci gaba da tsarin. Suka sa masa sunan kangaru, wata dabba ta Ostareliya wadda ke haihuwar ɗanta ƙanƙane ƙwarai, ya rarrafa ya shiga wata jaka a cikinta, ya kama nono, ya zauna nan har ya yi ƙwari.

Ga yadda a ke yi. A tuɓe yaro, a bar masa hula da ɗan ƙyallen tsuguno, a kwantar da shi a tsaye tsakanin maman uwarsa, fata na taɓa fata, kansa a juye gefe ɗaya don hanyar numfashi ta buɗe, a ɗaure shi da zane. Haka za su kasance dare da rana, in za ta yi barci ta jingina, ba ta kwanta shame-shame ba. Ba goyo ba ne irin wanda aka sani, gama goyo a baya ya ke, da riga tsakani. Wannan a ƙirji ne, inda uwa ke ganin fuskarsa, ta ji motsin numfashinsa. Jikinta ba ya hucewa kamar kwalbar ruwan zafi, ba ya kuma bukatar lantarki. Ɗumin yaron da ƙanshinsa su kan sa nono ya kawo. In bai iya tsotso ba sai ta tatsa kowane awa biyu ko uku, a ba shi da ɗan kofi ko ta roba, tana kuma sa masa mama a baki yana lasa yana koyo, har ran da zai kama da kansa. Mai haihuwar fari da ke tsoron taɓa ɗanta, bayan kwana kaɗan ita ce ke gaya wa ma'aikatan jinya halin da ya kwana.

Likitocin Turai ba su yarda nan da nan ba, kuma suna da dalili. Alkaluman farko da aka bayar daga Bogota sun yi kyau fiye da kima. Waɗansu masu bincike biyu daga Ingila da suka je suka duba suka rubuta a 1985 cewa ba a lissafa yaran da suka mutu a kwanakin farko ba, tun kafin su isa a ɗora su a ƙirji. Sai da aka yi gwaji na sosai. Likita Nathalie Charpak da abokan aikinta suka raba yara 746 gida biyu a Bogota, suka buga sakamako a 1997: mutuwa ba ta ƙaru ba a cikin 'yan ƙirji, cututtuka masu tsanani sun ragu, shayarwa ta daɗu, zaman asibiti ya gajarta. A 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin koyar da tsarin.

Saura tambaya ɗaya. Har lokacin ƙa'ida ita ce sai yaro ya kwana biyu a kwalba ya daidaita kafin a miƙa wa uwa, alhali kuwa yawancin masu mutuwa a waɗannan kwanakin na farko su ke mutuwa. Aka shirya gwaji a manyan asibitoci biyar, a Kumasi ta Gana, da Ile-Ife ta Nijeriya, da Delhi ta Indiya, da Blantyre ta Malawi, da Dar es Salaam ta Tanzaniya. Yara 3,211 aka gwada, masu nauyi daga kilo 1 zuwa ƙasa da kilo 1.8. Rabi aka bi da su yadda aka saba, rabi aka ɗora su a ƙirji tun daga haihuwa. Wannan ya tilasta sake fasalin ɗakunan, aka shigo da gadajen iyaye mata cikin ɗakin da a dā ko leƙe ba su yi sai ta taga. Ba a yar da kayan asibiti ba: wanda ke bukatar oksijin ko ƙarin ruwa ana ba shi yana manne da uwarsa. In uwa ba ta farfaɗo daga haihuwa ba, wata 'yar'uwarta ta riƙe mata shi a ƙirji har ta samu ƙarfi. Yaran sun riƙa samun wajen awa 17 a ƙirji kowace rana. Da aka buga sakamako a 2021, cikin waɗanda aka bi da su yadda aka saba kusan 16 cikin 100 sun mutu kafin kwana 28, cikin 'yan ƙirji kuwa 12. Masu sa ido sun tsai da gwajin tun bai kai ƙarshe ba, don sun ga bai halatta a ci gaba da hana rabin yaran ba. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar ta sake ƙa'idarta, ta ce a ɗora bakwaini a ƙirjin uwarsa nan take bayan haihuwa ba sai ya fara zama a kwalba ba, in dai ba ya kasa numfashi da kansa ne ko ciwonsa ya yi tsanani ƙwarai ba, a kuma fara ba shi nononta da wuri.